Jagorar Koyon Harshen Malay Ga Bahaushe, Daga Furuci Zuwa Cinikin Kasuwa

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Malesiya, da ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Kuala Lumpur ko Jakarta, da alhajin da sahun salla ya haɗa shi da mutanen Indonesiya a Harami, duk harshe ɗaya suke ji a kunnensu ko da sunansa ya bambanta. Bahaushe yana shiga koyon wannan harshe da jari a hannu, domin jerin kalmomin jimla kusan irin namu ne, ɗaruruwan kalmomin Larabci da muka ara su ma sun ara, kuma ladabin kiran mutum da “yaya” ko “baffa” maimakon sunansa suna da shi. Abin da ke kayar da mu kaɗan ne: wasu sautuka huɗu ko biyar, da ɗafe-ɗafen da ake liƙa wa kalma, da tazarar da ke tsakanin Malay na littafi da na titi. A bi matakan bisa jerin da suka zo, domin wanda ya fara da nahawu kafin ya gyara bakinsa zai sha wahalar warware kuskuren da ya riga ya zauna masa.

Mataki na farko: san abin da kalmar ke nufi

Masu harshen suna kiran kansu *Melayu*, harshen kuma *Bahasa Melayu*. Shi ne harshen ƙasa a Malesiya da Burunai da Singafo. A Indonesiya matasa 'yan kishin ƙasa sun ɗauke shi harshen haɗin kai a ranar 28 ga Oktoba 1928 suka raɗa masa suna *Bahasa Indonesia*, tsarin mulkin 1945 ya tabbatar da shi. Ana kuma jin wani karinsa a kudancin Tailan, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat. Harshe ne mai tsohon tarihi. An samu rubutunsa a kan dutsen Kedukan Bukit kusa da Palembang tun ƙarni na 7, kuma ya zama harshen fatake a zamanin daular Malaka, wadda Turawan Fotugal suka ci a 1511.

Kada ka kira duk ɗan Malesiya Melayu. Sashe na 160 na tsarin mulkin ƙasar ya ce Melayu shi ne Musulmin da ya saba magana da Malay kuma yake bin al'adun Melayu, tare da sharaɗin haihuwa ko zuriya. Shi ya sa a bakin mutanen da, “masuk Melayu”, wato shiga Melayu, yana nufin musulunta. 'Yan ƙasar masu asalin Sin da Indiya, da Iban na Sarawak, da Kadazan-Dusun na Sabah, 'yan Malesiya ne amma ba Melayu ba ne. A Indonesiya kuwa Melayu ƙabila ɗaya ce cikin ɗaruruwa, mazauna Riau da gabashin Sumatra da gaɓar Kalimantan, kuma Jawawa sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Akwai sunaye masu kama da ke ruɗa mutane. Malaya ita ce tarayyar da ta samu 'yanci a 31 ga Agusta 1957, kafin a kafa Malesiya a 16 ga Satumba 1963. Malayalam harshen jihar Kerala ne a Indiya, ba shi da dangantaka da Malay ko ta kusa ko ta nesa, saboda haka a duba da kyau kafin a sayi littafi ko a sauke manhaja. Malagasi na Madagaska ɗan uwa ne na nesa, dangi ɗaya amma ba sa fahimtar juna. Su kuma Malay na Kef, wato yankin Cape Town a Afirka ta Kudu, jikokin bayi ne da waɗanda kamfanin Holan ya kora daga tsibiran gabas, cikinsu har da Shehu Yusuf na Makassar da aka kai a 1694. Yau Afirkans da Ingilishi suke yi.

Daga nan sai ka zaɓi ɗaya: na Malesiya ko na Indonesiya. Inda za ka zauna shi zai yanke maka hukunci. Wannan jagora ta bi na Malesiya.

Mataki na biyu: gyaran baki, mako biyu, minti ashirin kullum

Ana rubuta Malay da boko, wanda suke kira *Rumi*, kuma tun 1972 Malesiya da Indonesiya suka daidaita ƙa'idar rubutu. Harafin *c* daidai yake da namu na “ciki”, *j* ma haka, *sy* shi ne *sh*, *kh* kuwa *ha* mai ɗigo ta Larabci. Babu ɓ, ɗ, ƙ, babu karin sauti mai sauya ma'ana, babu dogon wasali da gajere. Saboda haka kada ka ja wasali yadda muke yi, duk gaɓoɓin kusan tsawonsu ɗaya.

Matsala ta farko ita ce *p*. Hausa ba ta raba *p* da *f*, Malay kuwa cike yake da *p*: *apa* me, *pagi* safiya, *pergi* tafi, *empat* huɗu, *sepuluh* goma. Ka rufe leɓɓa ruf, ka tara iska, ka sake ta gaba ɗaya. Ka tsaya gaban madubi. Idan ka ga 'yar kafa tsakanin leɓɓanka kafin sautin ya fita, to *f* ka yi.

Ta biyu ita ce baƙin ƙarshen kalma. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sai bakin Bahaushe ya ƙara *i* ko *u* ba da saninsa ba, *empat* ta koma “amfati”. A Malay *p* da *t* na ƙarshe ana kama su ne a riƙe, ba a sakin iska: *sedap* daɗi, *cukup* ya isa, *sakit* ciwo. *K* ta ƙarshe kuwa hamza ce, irin tsayawar da ke tsakiyar “a'a”. *Tidak* ana cewa “tida'”, *anak* “ana'”. *H* ta ƙarshe dole a ji hucinta, domin *muda* matashi ne, *mudah* mai sauƙi. *Bawa* ɗauka, *bawah* ƙarƙashi. *Guru* malami, *guruh* tsawa.

Ta uku ta fi ɓuya. Idan Bahaushe ya ce “nan” ko “can”, *n* ɗin ƙarshe daga can cikin hanci take fita, bayan harshe ya taɓa ganɗa. Wannan sautin shi Malay ke rubutawa *ng*, kuma yana raba shi da *n* ta kan harshe. *Tuan* ranka ya daɗe ne, *tuang* zuba ruwa. Mu *ng* ɗin ce ke zo mana a sauƙaƙe, saboda haka aikin yana kan *n*: ka kafa kan harshe a bayan haƙoran sama ka bar shi a can, *makan* ci, *ikan* kifi, *jalan* hanya. Wanda bai gyara ba zai riƙa cewa “makang ikang”, wanda shi ne ainihin karin mutanen Terengganu. Sai kuma *ng* a tsakiyar kalma, inda ba a furta *g* ko kaɗan: *dengan* da, *tangan* hannu, *bunga* fure. Sai an rubuta *ngg* ake jin *g*, kamar *tangga* tsani, *tinggi* dogo.

Ta huɗu harafin *e*, mai sauti biyu da rubutu ba ya bambantawa. Mafi yawa gajeren sauti ne na sakakken baki, tsakanin *a* da *i*, kamar a *beli* saya, *besar* babba. Ɗayan kuwa *e* ce sosai irin ta “gero”, kamar a *meja* tebur. *Perang* da na farko yaƙi ne, da na biyu launin ƙasa-ƙasa. Maganinsa kawai ka sa wa *e* ta biyu alama a littafinka duk lokacin da ka ji ta.

A Kuala Lumpur da Johor *a* ta ƙarshe tana komawa wancan sakakken sauti, *r* ta ƙarshe kuma tana ɓacewa, sannan *duduk* zauna ta zama “dudo'”, *putih* fari ta zama “puteh”. A Kedah da Penang da Sabah da Sarawak da Indonesiya ana barin *a* yadda take. Ka riƙe *a* ɗinka, ko'ina za a gane ka, amma ka horar da kunne ya gane ɗayan.

Mataki na uku: tattara kalmomin da ka riga ka sani

Kafin ka haddace sabuwar kalma, ɗauki rana biyu ka jera na Larabci. Ranakun mako: *Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad*. Sai *dunia*, *ilmu*, *zaman*, *amanah*, *niat*, *doa*, *kubur*, *syarat* sharaɗi, *hukum*, *masalah* matsala, *huruf*, *akal* hankali, *rezeki* arziki, *waktu* lokaci, *khabar* labari, *sabun* sabulu, *faham* fahimta. Mu mun haɗiye *al* ta Larabci cikin kalmomi irin su lokaci da labari, su kuma sun yar da ita, shi ya sa kamannin ba ya fitowa sai an lura.

Wasu sun sauya ma'ana a hanya. *Tarikh* kwanan wata ne, tarihi kuwa *sejarah*. *Alamat* adireshi ne. *Hakim* alƙali ne, ba hakimi ba. *Jawab* amsa ce. Abin da zai ba ka mamaki shi ne manyan kalmomin addini da dama ba na Larabci ba ne, sun gaje su tun kafin Musulunci: *agama* addini, *puasa* azumi, *dosa* zunubi, *pahala* lada, *syurga* aljanna, *neraka* wuta, *sembahyang* salla, ko da yake *solat* ta yaɗu sosai yanzu.

Akwai kuma waɗanda suka yi kama da Hausa a kunne kawai. *Nama* suna ne. *Mata* ido. *Gaji* albashi. *Kaya* mai kuɗi. *Kaki* ƙafa. *Kuda* doki. *Bayi* jariri. *Cuci* wanki. *Gari* ankwa. *Sama-sama* ita ce amsar godiya. Wadda za a kiyaye ƙwarai ita ce *babi*: alade ne, kuma zagi ne mai zafi. Ɗalibai biyu suna hira da Hausa a cikin jirgin ƙasa suna ta “babi na uku, babi na huɗu” za su ga ana waiwayensu. Babin littafi a Malay *bab* ne.

Bayan wannan, kalma goma a rana ta isa, kowace a cikin jimla, ba ita kaɗai ba. A wata ɗaya ka tara ɗari uku. Fara da ƙidaya: *satu, dua, tiga, empat, lima, enam, tujuh, lapan, sembilan, sepuluh*. *Belas* shi ne “sha”, amma a baya yake zuwa: *sebelas* 11, *dua belas* 12. *Puluh* gomiya, *ratus* ɗari, *ribu* dubu, *juta* miliyan. *Dua ratus lima puluh* 250 ke nan.

Mataki na huɗu: gina jimla

A nan Bahaushe yake hutawa. Mai aiki, aiki, abin da aka yi wa: *Saya makan nasi*, ina cin shinkafa. Mallaka tana bin suna kamar tamu: *rumah saya* gidana, *buku Ali* littafin Ali. Nuni ma haka: *rumah ini* gidan nan, *rumah itu* gidan can. Sifa kullum a baya take: *rumah besar*, gida babba. Babu jinsi, *dia* shi ne kuma ita ce. *Ada* akwai, *tak ada* babu.

Aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci. Ƙananan kalmomi ake sa masa a gaba: *sudah* an riga, *sedang* ana cikin yi, *akan* za a, *masih* har yanzu, *pernah* an taɓa, *belum* tukuna. Idan maganar ta riga ta nuna lokaci, kamar *semalam* jiya ko *esok* gobe, ba a bukatar ko ɗaya.

Korewa iri huɗu ce kuma Hausa ta raba su yadda Malay ya raba. *Tidak* na aiki da sifa: *Saya tidak tahu*, ban sani ba. *Bukan* na suna: *Dia bukan guru*, shi ba malami ba ne. *Jangan* kada. *Belum* kuma ita ce amsar duk abin da ake sa ran zai faru. Idan aka tambaye ka *Sudah kahwin?*, ka yi aure, ka ce *belum*. In ka ce *tidak* kamar ka ce ba ka da niyyar yi har abada.

Abu biyu ne babu irinsu a Hausa. Na farko “mu” iri biyu: *kita* ya haɗa da wanda kake wa magana, *kami* ya fitar da shi. Ka ce wa baƙo *kami makan* ka sanar da shi cewa ba da shi za a ci ba. Na biyu kalmomin ƙirga, waɗanda ke shiga tsakanin lamba da suna: *orang* na mutane, *ekor*, wato wutsiya, na dabbobi, *buah* na manyan abubuwa kamar gida da mota da littafi, *biji* na ƙanana masu zagaye, *batang* na dogaye, *helai* na tufa da takarda. *Tiga ekor kambing*, awaki uku. *Dua biji telur*, ƙwai biyu. Ka tuna yadda muke cewa “ƙwaya biyu” ko “kai uku”, za ka gane hikimar.

Jam'i da ninki ake yi, *buku-buku* littattafai, amma ba a ninkawa in akwai lamba ko *banyak* da yawa. Wani ninkin kuma sabuwar kalma yake haifarwa: *gula* sukari, *gula-gula* alewa; *jalan* hanya, *jalan-jalan* yawon shan iska; *orang* mutum, *orang-orang* mutum-mutumin gona.

Mataki na biyar: ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Ɗafa-goshi shi ne abin da ake liƙa wa kalma a farkonta, ɗafa-ƙeya kuma a ƙarshenta. Wannan shi ne ƙashin bayan harshen, kuma a nan yawancin masu koyo ke tsayawa. Ka ba shi wata guda cur. Dalilin muhimmancinsa shi ne ƙamus yana jera kalmomi ne bisa saiwa, wato tushen kalma kafin a liƙa mata komai. Wanda ya ga *menulis* a jarida ya je neman ta ƙarƙashin *m* ba zai same ta ba, tana ƙarƙashin *tulis*.

Ɗafa-goshin aikatau *me-* yana sauya siffa bisa harafin farko na saiwa. Gaban *l, r, m, n, w, y* yana nan yadda yake: *lihat*, *melihat* gani. Gaban *b* ya zama *mem-*: *baca*, *membaca* karantawa. Gaban *d, c, j* ya zama *men-*: *mendengar* ji, *mencari* nema, *menjual* sayarwa. Gaban wasali da *g* da *h* ya zama *meng-*: *ambil*, *mengambil* ɗauka. Saiwa mai gaɓa ɗaya tana karɓar *menge-*: *cat*, *mengecat* shafa fenti.

Haruffa huɗu ne ke narkewa, *k, p, t, s*, kuma su za ka haddace kamar karatun allo. *Kirim* ta zama *mengirim* aikawa, *pukul* ta zama *memukul* duka, *tulis* ta zama *menulis* rubutawa, *sapu* ta zama *menyapu* shara. Dabarar komawa baya ita ce: ka ga *meny-* ka nemi *s*, ka ga *mem-* sai wasali ka nemi *p*, in babu ka gwada *m*, ka ga *men-* sai wasali ka nemi *t*, in babu *n*, ka ga *meng-* sai wasali ka gwada wasalin da kansa, sannan *k*. Kalmomin aro na baya-bayan nan sukan ƙi narkewa, kamar *memproses*.

*Pe-* yana bin wannan ƙa'ida sak, kuma aikinsa irin na *ma-* ɗinmu ne a “marubuci” da “masassabi”: *penulis* marubuci, *penjual* mai sayarwa, *penyapu* tsintsiya. *Ber-* na aikin da bai faɗa kan kowa ba: *berjalan* tafiya, *bekerja* aiki. *Di-* na abin da aka yi: *ditulis* an rubuta. A haɗe ake rubuta shi, amma *di* mai nufin “a” a rabe take, *di rumah* a gida, kuskuren da malamai ke yawan ja wa jan biro. *Ter-* na abin da ya auku ba da niyya ba, *tertidur* barci ya kwashe, *terjatuh* faɗuwa, yana kuma nufin “mafi”, *terbesar* mafi girma. Ɗafa-ƙeyar *-an* tana mai da aiki suna: *makanan* abinci, *minuman* abin sha.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ɗaukar saiwa ɗaya a rana a zana dukan 'ya'yanta a shafi guda. Ga *ajar*: *belajar* koyo, *mengajar* koyarwa, *pelajar* ɗalibi, *pengajar* mai koyarwa, *pelajaran* darasi, *ajaran* koyarwar addini ko aƙida. Saiwa talatin a wata sun isa idonka ya fara tsinke kalma da kansa. Ƙamusun dogaro shi ne Kamus Dewan na hukumar Dewan Bahasa dan Pustaka, wadda aka kafa a 1956, kuma ana bincikensa kyauta a shafinta na intanet mai suna PRPM.

Mataki na shida: yadda ake kiran mutane

Littattafai za su koya maka *anda* da *kamu* da *engkau* a matsayin “kai”. A aikace *anda* ta sanarwa ce da talla, *kamu* daga babba zuwa ƙarami take sauka, *aku* da *engkau* kuwa na abokai ne na ƙut da ƙut, ka yi wa dattijo su ka yi rashin kunya. Ka riƙe *saya* don kanka a ko'ina. *Awak* tana yi tsakanin sa'o'i. Ga sauran mutane, bar wakilin suna gaba ɗaya ka yi amfani da dangantaka, yadda za ka ce “Baba ya ci abinci?” kana kallon Baban. *Abang* ko *bang* ga namijin da ya ɗan girme ka, *kakak* ko *kak* ga mace, *adik* ko *dik* ga ƙarami, *pakcik* da *makcik* ga sa'o'in iyaye. A ofis *Encik* ga namiji, *Puan* ga matar aure ko babbar ma'aikaciya, *Cik* ga budurwa. Malamin makaranta *cikgu*, na addini *ustaz* ko *ustazah*. Mai sarautar *Datuk* ko *Tan Sri* ko *Tun* da ita ake kiransa.

Melayu ba su da sunan dangi. Ahmad bin Ismail sunansa Ahmad, Ismail mahaifinsa ne, saboda haka Encik Ahmad za ka ce. Ga mace *binti* ake sawa.

Gaisuwarsu gajera ce, ba a bin gida da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin Musulmi sallama, ga kowa *Selamat pagi* ko *Selamat petang*, sai *Apa khabar?*, amsa *Khabar baik*. *Dah makan?*, ka ci abinci, gaisuwa ce, amsarta *dah* ko *belum*. Bayan musabaha ana kai hannu ƙirji, yara suna sumbatar hannun manya, ana cire takalmi a ƙofar gida, ana nuni da babban yatsa maimakon manuni, ana ɗan rusunawa in za a gifta gaban manya a ce *tumpang lalu*. Ɗaga murya a wajensu alamar fushi ce ko da raha kake yi, kuma mu muryarmu a sake take, sai a rage. Abin da muke kira kunya suna kiransa *malu*, aikin gayya kuma *gotong-royong*. A masallaci Shafi'iyya ne: za ka ji bisimilla a bayyane da alƙunutu bayan ruku'u a Asuba. Ƙaramin masallacin kasuwa ko tasha sunansa *surau*, shi za ka tambaya.

Mataki na bakwai: sauka titi

Wanda ya gama littafi ya fita zai ji kamar wani harshe ake yi, saboda baki yana datse kalmomi yana zubar da ɗafe-ɗafe. *Tidak* ta koma *tak*, *hendak* so ta koma *nak*, *sudah* *dah*, *ini* da *itu* *ni* da *tu*, *sahaja* kawai *je*, *sedang* ta ba wa *tengah* wuri, *di* ta ba wa *kat*. *Saya tidak hendak pergi* a titi *Tak nak pergi* ce. *Lah* kuwa aikinta kusan na “mana” da “dai”: *makanlah*, ci mana.

Wurin gwaji mafi kyau shi ne *kedai mamak*, shagon abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, da *pasar malam*, kasuwar dare. *Teh tarik* shayi ne da madara, *teh O* ba madara, *teh O kosong* ba madara ba sukari, *kurang manis* a rage zaƙi, *ais* da ƙanƙara, *air suam* ruwan ɗumi, kuma *air* “ayer” ake furta ta. *Makan sini* a nan zan ci, *bungkus* a ƙunshe. *Tak nak pedas*, ban da yaji. Shinkafa suna uku gare ta: *padi* a gona, *beras* a buhu, *nasi* a kwano. A kasuwa: *Berapa ni, kak?* nawa ne wannan, *Mahal sangat* ya yi tsada, *Boleh kurang?* za a rage. Ragin nasu kaɗan ne, kada ka taya rabin kuɗi yadda ake yi a kasuwar Kwari ta Kano.

A Kuala Lumpur da zarar an ga baƙo sai a juya zuwa Ingilishi, kuma wannan ne ke sa ɗalibi ya shekara huɗu bai wuce *terima kasih* ba. Ka ce *Saya baru belajar bahasa Melayu, cakap perlahan sikit*, yanzu nake koyo, a yi magana a hankali, ka ci gaba da Malay ko da an amsa maka da Ingilishi. Suna da karin magana, *malu bertanya sesat jalan*, mai kunyar tambaya ya ɓata hanya, ɗan uwan namu na matambayi ba ya ɓata. Kullum ka saurari labaran tashar RTM ko Astro Awani na minti goma sha biyar don daidaitaccen harshe, ka karanta labari ɗaya a jaridar Berita Harian kana ja wa ɗafe-ɗafe layi. In tafiya ta kai ka Kelantan, inda *makan* ke zama “make”, ko Kedah inda “kai” *hang* ne, tafi *pi*, zo *mai*, kada ka zargi karatunka, 'yan Kuala Lumpur ma sai sun kasa kunne.

In za ka tsallaka Indonesiya

Nahawun ɗaya ne, kalmomi ne ke cizo. Malesiya ta ara daga Ingilishi, Indonesiya daga Holanci: ofis *pejabat* ne a Malesiya, *kantor* a Indonesiya, inda *pejabat* ke nufin jami'i. *Kereta* mota ce a Malesiya, jirgin ƙasa a Indonesiya. *Budak* yaro, a Indonesiya bawa. *Percuma* kyauta, a Indonesiya aikin banza. *Bisa* dafi, a Indonesiya iyawa. *Butuh* bukata ce a Indonesiya, a Malesiya batsa ce, a ce *perlu*. Lokaci ma yana ruɗarwa: *pukul tiga setengah* a Malesiya uku da rabi ne, *setengah tiga* a Indonesiya biyu da rabi. A can *Pak* da *Bu* ake kiran manya.

Jawi, ga wanda ya iya ajami

Jawi shi ne ajamin Malay. Dutsen Terengganu na ƙarni na 14 yana cikin tsofaffin shaidunsa, har yau kuma rubutun hukuma ne a Burunai tare da Rumi, ana ganinsa a allunan titi a Kelantan da Terengganu da littattafan addini. An ƙara haruffa shida kan na Larabci: چ don *c*, ڠ don *ng*, ڤ don *p*, ݢ don *g*, ڽ don *ny*, ۏ don *v*. Wanda ya tashi da rubutun allo na Warshu ya lura cewa *fa* a Jawi ɗigonta a sama yake, *ƙaf* kuma ɗigo biyu, irin na bugun Hafsu. Babban bambanci da ajaminmu shi ne ba a sa fataha da kisira da rufu'a. Alif da wawu da ya ne ke tsaya wa wasula, wani wurin ma a bar su, sai mai karatu ya cike da saninsa na kalmar. Don haka kada ka fara Jawi sai ka mallaki kalmomi kamar ɗari biyar. Kalmomin Larabci suna riƙe rubutunsu na asali, waɗannan za ka karanta su tun ranar farko. Ninki kuma da lambar ٢ ake nuna shi, al'adar da ta biyo mutane har cikin saƙon waya, inda za ka ga an rubuta *budak2* ana nufin *budak-budak*, yara.